Shin jan yaro namiji a jiki don ya faɗi damuwarsa yana mayar da shi rago?

Wata baiwar Allah daga Tudun Wadan Zariya ta aiko da tambaya. Ta ce maigidanta ya rasu wata takwas da suka wuce, ya bar ta da 'ya'ya biyar, babbansu namiji ɗan shekara 13. A ranar jana'iza baffanninsa sun ja shi gefe suka ce masa yanzu shi ne uban gida, kada ya kuskura ƙannensa su ga hawayensa. Bai yi kukan ba kuwa, har jama'a suka riƙa yaba dauriyarsa. Amma yanzu ya zama mafaɗaci, yana dukan ƙannensa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, kullum yana ƙorafin ciwon kai, karatunsa ya ja baya, in an tambaye shi sai ya ce ba komai. Tana so ta ja shi a jiki ya faɗi abin da ke ransa, amma babban baffansa ya ce za ta lalata shi, ta mayar da shi rago. Tana tambaya, wane ne yake kan daidai?

Malama, kafin komai ina yi muku ta'aziyya. Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya kai haske kabarinsa, Ya albarkaci abin da ya bari. Na yi shekaru ina aikin ba ɗalibai shawara a makarantun sakandare na maza a nan Zariya, kuma irin yaron da kika siffanta ya sha zama a gabana. Yawanci da laifin faɗa ko tsallake katanga ake kawo shi, ban taɓa ganin an kawo shi da sunan yana cikin baƙin ciki ba. Abin da zuciyarki ta raya miki shi ne daidai. Sai dai ba zan so ki ɗauki baffan yaron a matsayin abokin hamayya ba, domin abin da yake gudu abin gudu ne: yana tsoron maraya ya tashi da sanyin jiki, kowa ya taka shi ya wuce. Burinku ɗaya ne da shi, a hanya kuka rabu.

Ki tuna yadda kwanakin makokin suka gudana. Ke kina cikin gida da 'yan matanki, mata suna shigowa suna taya ku kuka, wannan ta dafa kafaɗarki, waccan ta ɗauki autarki ta goya. Shi kuwa, da yake namiji ne, an tsayar da shi a sahun sallar gawa, ya bi makara har maƙabarta, ya ga lokacin da aka saka mahaifinsa a kabari, aka jera itace, aka mayar da ƙasa. Daga nan aka zaunar da shi a tabarmar ƙofar gida tsakanin dattawa, ya yi kwana uku yana amsa gaisuwa, duk wanda ya ce masa "ya haƙuri" sai ya ce "da godiya". A cikin 'ya'yanki shi ya fi kowa gani, shi kuma aka fi hana wa magana. Jama'a sun watse, kin gama takaba, kowa ya koma harkarsa, shi kuwa har yau bai tashi daga wannan tabarmar ba.

Akwai abubuwa biyu da muke yawan cakuɗawa a maganarmu ta yau da kullum, wato haƙuri da zurfin ciki. Mai haƙuri ya san abin da ke damunsa, yana jin zafinsa, yana iya ambatonsa, sannan ya kame harshensa da hannunsa daga abin da bai dace ba. Mai zurfin ciki kuwa haɗiyewa yake yi don kada a gani. Gaskiya ne ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma riƙe sirri ɗabi'a ce ta mutanen kirki, amma wannan magana ce ta babba wanda ya san abin da ya ajiye da dalilin ajiye shi. Yaro ɗan shekara 13 bai ma san sunan abin da ya haɗiye ba.

Tunda da sunan haƙuri aka hana shi kuka, ya kamata a duba abin da addini ya kira haƙuri. A cikin Suratu Yusuf, aya ta 83, Annabi Yakubu (AS) ya ce zai yi haƙuri kyakkyawa. Ayar da ke biye da ita kai tsaye ta ba da labarin cewa idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki, a aya ta 86 kuma ya ce yana kai ƙarar damuwarsa da baƙin cikinsa ne ga Allah. Haƙurin da hawayen a mutum ɗaya suka haɗu, kuma ba wanda ya rage wa ɗan'uwansa daraja. Bukhari ya ruwaito cewa lokacin da Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), yake gargarar mutuwa, idanun Manzo sun zubar da hawaye, har Abdurrahman bn Auf ya ce, "Har kai ma, ya Manzon Allah?" Ya amsa masa da cewa wannan rahama ce, sannan ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi. Maganar cewa maza ba sa kuka tamu ce ta al'ada, kuma ta zauna a harshenmu sosai. Ni kaina, da nake wannan aikin, na taɓa jin bakina ya furta ta ranar da ɗana ya faɗo daga keke ya kurje gwiwa, kafin ma in duba raunin.

Masu binciken halayyar ɗan Adam sun gwada wannan haɗiyewar a ɗakin gwaji. A 1993 da 1997, James Gross da Robert Levenson a Amurka sun nuna wa mutane finafinai masu tayar da hankali, suka umarci wasunsu da su ɓoye abin da suke ji har mai kallonsu ya kasa gane komai. Fuskokinsu sun lafa, amma da aka tambaye su, abin da suke ji a zuci bai ragu ba, kuma na'urorin da aka maƙala musu sun nuna jikinsu ya ƙara shiga halin faɗa ko gudu. A 2007 kuma Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna kallon fuskoki masu fushi ko tsoro. Sun ga cewa idan mutum ya sa wa yanayin da yake gani suna, aikin amigdala, wani ɗan sashe a can cikin ƙwaƙwalwa mai faɗakar da jiki game da haɗari, yana raguwa, sashen gaba mai tunani da kamun kai kuma ya ƙara aiki. Da manya aka yi waɗannan gwaje-gwajen, a wata ƙasa, amma sun dace da abin da nake gani a ofishina: ɓoyewa tana gyara fuska ne kawai, ambaton abu da sunansa kuwa yana sassauta shi.

Abin da aka haɗiye yakan nemi ƙofa. Ƙofa ɗaya da muka bar wa yaro namiji a buɗe ita ce fushi, domin idan ya yi kuka za a ce masa mace, idan ya yi faɗa kuwa a ce zuciya gare shi irin ta ubansa. Shi ya sa kewa da tsoro da nadama duk suke fitowa da siffar duka. Ƙofa ta biyu jiki ce. Tun a 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Raymond Prince ya rubuta bayani a kan ɗaliban Najeriya masu zuwa asibiti da zafi ko nauyi a ka da kasa riƙe karatu, alhali damuwa ce tushen abin. Ciwon kan ɗanki na gaske ne, kada a ce masa ƙarya yake yi don gudun makaranta. Ƙofa ta uku, wato shaye-shaye, ita ta fi ba ni tsoro. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, kuma uku cikin kowane huɗu maza ne. A wannan shekarar ce Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Samarin da suka zauna da ni a kan tiramadol ko kodin, da yawansu ba da neman nishaɗi suka fara ba. Wani aboki ne ya ce musu zai sa su yi barci, ko ya sa su daina tunani.

Game da juriyar da baffan yake nema, akwai wani dogon bincike da nake yawan ambata wa iyaye. Emmy Werner da abokan aikinta sun bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawaii, tun daga haihuwa har suka manyanta. Kusan kashi ɗaya cikin uku nasu sun tashi cikin talauci da rikicin gida ko rashin lafiyar iyaye. Daga cikin waɗannan, kusan kashi ɗaya cikin uku sun zama manya masu natsuwa, masu riƙe aiki da iyali. Cikin abubuwan da suka bambanta su da sauran, wanda ya fi fitowa fili shi ne kowannensu ya sami aƙalla babba guda da ya riƙe shi da gaske, uwa ce ko kaka ko malami ko maƙwabci, kuma da yawansu an ba su aikin taimako a gida daidai ƙarfinsu. Wahala dai dukkansu sun sha ta. Da wahala kaɗai take gina namiji, da ba a sami bambancin ba.

Yadda za ki buɗe maganar yana da muhimmanci, domin idan kika zaunar da shi gaba da gaba kika ce ya faɗa miki abin da ke damunsa, "ba komai" ɗin nan za ki sake ji. Na taɓa samun wani yaro ɗan aji uku na ƙaramar sakandare da aka kawo mini bayan ya fasa wa abokinsa baki. Sau uku muna zama, idonsa a ƙasa, yana wasa da maɓallin rigarsa, amsarsa ba ta wuce kalma biyu. Rana ta huɗu sarƙar babur ɗina ta zame a bakin ofis, na ce ya zo ya riƙe mini. Sai ya karɓe aikin gaba ɗaya, ya durƙusa, hannunsa ya yi baƙi da mai, yana juya taya a hankali. Ba tare da ya ɗago ba ya ce, "Babana ne ya koya mini wannan." Na ce Allah Ya jiƙansa, ya iya koyarwa. Muka yi shiru. Can sai ya ce ranar da jikin mahaifin ya tsananta an aike shi sayo magani, ya tsaya a gidan kallon ƙwallo kamar minti ashirin, kafin ya dawo an wuce da shi asibiti, bai sake ganinsa da rai ba. Shekara guda yana ɗauke da yaƙinin cewa shi ya kashe ubansa, bai faɗa wa kowa ba. Da izininsa na kira mahaifiyarsa, ta yi masa bayanin ciwon da abin da likitoci suka ce, ya gane cewa maganin da aka aike shi sayowa ba zai canza komai ba. Irin wannan zargin kai ya zama ruwan dare a wurin yaran da suka yi rashi, kuma ba ya fitowa sai an ba shi hanya.

Samari sun fi sakin baki idan hannunsu yana aiki kuma ba a kallon idonsu. Ki nemi irin wannan lokacin: kuna hanyar zuwa gaishe da kakarsa, ko yana taya ki ɗaurin kayan sana'a da dare bayan ƙannensa sun yi barci. Ki fara da kanki, a taƙaice. Ki ce, misali, yau da kika ji kiran sallar Asuba kin tuna yadda Babansu yake tashinsu, kewarsa ta kama ki. Da wannan ya ji cewa ambaton mahaifinsa ba laifi ba ne a gidan. Idan bai ce komai ba, ki bar shi, ki sake wata rana. Idan ya fara, ki taimaka masa da kalmomi, ki ce, "Kewa ce, ko haushi ne, ko tsoro?" Hausa ba ta da talauci a nan: akwai takaici, akwai ƙunci, akwai zullumi, akwai nadama, akwai fargaba, kowanne da ɗanɗanonsa, amma yaranmu maza "raina ya ɓaci" kaɗai muka koya musu. Abu mafi wuya shi ne ki riƙe "yi haƙuri" a bakinki har sai ya gama. Kalma ce mai kyau, amma idan ta zo da wuri, abin da yaro yake ji shi ne "yi shiru". Kada kuma abin da ya faɗa miki ya zama labarin tsakar gida. In ya ji shi a bakin gwaggonsa, ya rufe ke nan.

Na lura ɗan fari ne, kuma na san alkunyar da ke tsakanin uwa da ɗan fari a gidajenmu, wata ma ko sunansa ba ta faɗi. Ba na cewa ki yar da ita rana ɗaya. Amma al'adar da ta sa uwa ta kama jikinta, ita ce ta tanadi kaka da kawu su cike gurbin, a lokacin da ake zaune gida ɗaya ko unguwa ɗaya. Idan yau kakar tana cikin birni ku kuna Tudun Wada, kawun kuma yana Kaduna ko Abuja, to alkunyar ta rage amma mai cike gurbin ba ya nan, sai yaron ya tashi ba shi da kowa. Ko dai ki sassauta, ko ki tabbatar da cewa akwai wani babba namiji mai sanyin hali da yake ganinsa duk mako. Ki tuna yadda Manzon Allah (SAW) yake tsayawa ya tambayi ƙanen Anas, "Ya Aba Umair, me ɗan tsuntsun nan ya yi?" Shugaban al'umma ne yake kula da damuwar ƙaramin yaro a kan tsuntsun wasansa.

Sauraro ba ya nufin a bar shi ya yi ta dukan ƙannensa. Ki raba masa abu biyun a fili: haushin da yake ji ba laifi ba ne, ɗaga hannu laifi ne, kuma yana da hukunci, kamar hana shi fita ƙwallo a ranar da kuma sa shi ya bai wa wanda ya daka haƙuri. Ban ba da shawarar a rama masa da bulala ba, domin darasin da zai ɗauka shi ne mai ƙarfi yana huce haushinsa a kan na ƙasa da shi. Ki koya masa abin da zai yi a madadin duka tun kafin fushin ya zo: ya bar wurin, ya zauna in a tsaye yake, ya yi alwala, ya ja numfashi ya sake shi a hankali. Hadisin da ya ce mai ƙarfi ba shi ne gwanin kokawa ba, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi, ya dace da yaro mai son a kira shi namiji. Za ki maimaita wannan sau da yawa, domin sashen gaba na ƙwaƙwalwa mai riƙe linzami ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25.

Sai kuma rawanin da aka naɗa masa. Ki sauke masa shi da bakinki. Ki ce masa ke ce babba a gidan, baffanninsa da kawunnansa suna nan, ciyarwa da kuɗin makaranta ba nauyinsa ba ne, tarbiyyar ƙannensa ma ba tasa ba ce. A nan ne kuma nake tare da baffan: kada tausayin maraici ya sa ki hana shi motsi. Ki ba shi cefane da lissafin canji, ya raka ƙannensa Islamiyya, ya kula da akuya ko kaji in akwai, ya je koyon sana'a ranar Asabar in yana so. In ya faɗi jarrabawa kada ki je roƙon malami, ki zauna da shi ku duba inda aka kuskure. In sun saɓa da abokinsa ki bar su su shirya da kansu. Ƙwallon yamma da abokai na kirki da barci a kan lokaci suna cikin magani.

Akwai iyakar abin da gida zai iya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma a duniya maza masu kashe kansu sun ninka mata fiye da sau biyu. Ki fara kai shi a duba ciwon kan, a gwada idonsa, a tabbatar ba wata cuta ba ce ta jiki, ki kuma gaya wa likitan labarin rashin. Idan ya daina cin abinci ko barci na makonni, ya janye daga abokansa, kuɗi suka fara ɓata a gida, ko kika ji yana cewa gara ya bi Babansa, kada ki jira. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa, domin tambayar ba ta dasa tunanin, sauƙi take kawowa. Ki kulle magunguna da maganin ƙwari, ki kai shi sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Zuwa can ba ya nufin hauka, kuma ba ya hana addu'a.

Shi kuwa baffan, kada ki tunkare shi da gardama a kan ko maza suna kuka. Ki aika masa ta bakin wanda yake jin nauyinsa, ko ki same shi da ladabi ki ce, "Yaya, yaron nan yana bukatarka." Ki roƙe shi abu guda: wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ɗauki yaron su biyu kawai su je ziyara maƙabarta, su yi wa mamacin addu'a, a hanyar dawowa ya ba shi labarin ƙuruciyar mahaifinsa, irin ƙiriniyar da suka yi tare, dukan da suka sha a makarantar allo, abin da yake tsoro yana yaro, da ranar da aka haifi shi wannan yaron. Shi ma ƙani ya rasa, kuma mai yiwuwa tun ranar jana'izar ba wanda ya tambaye shi yadda yake. Idan muryarsa ta yi rawa a tsakiyar labarin, ki roƙe shi kada ya kawar da fuska, ya ci gaba da bayarwa har su iso gida.